MOTOCIN GUDU NA JIYA DA NA YAU: WACCE ZA TA KAI MUTUM GIDA?

Duk lokacin da Salla ta ƙarato, hirar mota ce ke cinye zaman majalisa a Agege da Idi-Araba da Obalende, haka nan a Sabo ta Badun da unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal. Dalili kuwa a fili yake. Hankalin kowa ya koma gida, tsakanin Ikko da Kano kuwa tafiya ce ta kilomita 1,000 ko fiye, gwargwadon hanyar da mutum ya bi. Da an soma sai majalisa ta rabu biyu. Dattawan da suka ga zamanin Fijo da Marsandi da Datsun su dage a kan ƙarfe ya ƙare tun tuni, motar yanzu gwangwani ce da roba. Samari kuwa su yi dariya, su ce tsohuwar mota sai gidan ajiye kayan tarihi. Can ladan ya kira salla, a watse ba wanda ya kada wani.

Wannan gardama ba ta banza ba ce, domin akwai dukiya a cikinta, akwai kuma rai. Mutumin da ya yi shekara goma yana tara ribar goro ko ta shanu ko ta canji, ranar da ya shiga kasuwar motoci ta Berger a Apapa, abin da ya ji a majalisa shi zai bi. Saboda haka ya kamata a ajiye son zuciya, a ɗauko motocin da Turawa suka ƙera musamman don gudu, na da da na yanzu, a jera su a auna. A jikinsu ne bambancin ya fi fitowa sarai, kuma duk dabarar da aka gwada a kansu, komai daɗewa sai ta gangaro kan motar talaka.

ƘARFIN DOKI

Masu ƙera mota suna auna ƙarfin inji da doki, watau su ce injin kaza yana da ƙarfin doki kaza. To, a ɗauki Porsche 911 ta ƙasar Jamus, domin ita ce ba ta sake suna ba, ba ta kuma sake kamanni sosai ba fiye da shekara 60. An fara nuna ta a birnin Frankfurt a 1963 da lamba 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ce bai yarda ba, domin lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, kamar 404. Shi ya sa aka cire sifirin aka sa ɗaya. Mazauna Ikko sun san 'yar uwarta, watau Volkswagen ƙirar kunkuru da aka fara haɗawa a Ojo a 1975, inda har yau ake kiran tashar motar wurin da suna Volks. Ferdinand Porsche ne ya ƙago kunkurun, jikansa kuma ya zana 911. Duka biyun injinsu a baya yake, iska ce kuma ke sanyaya shi, ba ruwansu da lagireto.

Ita 911 ta 1964 ƙarfin doki 130 gare ta, nauyinta bai wuce kilo 1,100 ba. Wadda ta fito a 2019 kuwa, mafi ƙanƙanta a cikin danginta, tana da doki 385, nauyinta kuma ya haura kilo 1,500. Faɗinta ya ƙaru da abin da ya fi taƙi guda. Injin iska ma an bar shi tun wajen 1998, aka koma na ruwa. Haka labarin yake ga Golf GTI, wadda ta fito a 1976 da doki 110 da nauyin kilo 810 kacal, tana kaiwa gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 9. Jikanyarta ta 2020 tana da doki 245, tana yin wannan aiki cikin daƙiƙa 6 da 'yan kai, amma ta ƙara kusan kilo 600. BMW M5 ta 1985 doki 286 ce da kilo 1,430; ta 2024 doki 727 ce, ga inji ga batir, nauyinta ya kusa tan biyu da rabi, watau ta shiga sahun ƙananan motocin ɗaukar kaya.

A nan dai tilas dattawa su yi haƙuri. Ta fuskar gudu, tsohuwa ba ta ko hango ƙurar sabuwa. Ga ma wani abin mamaki da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za a dawo kansa. Sa'ad da Jaguar E-Type ta Ingila ta bayyana a Janiba a 1961, duniya ta girgiza, don kamfanin ya ce doki 265 gare ta, kuma tana cin kilomita 240 a awa. Ferrari 308 ta Italiya, wadda hotonta ya cika kalandu tun daga 1975, doki 255 ce. To, Toyota Camry ta 2007, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, wadda ta cika titunan Ikko har ana haya da ita, idan mai silinda shida ce doki 268 gare ta. Mai silinda huɗu ma 158 ce, ta ɗara 911 ta farko nesa ba kusa ba. Ashe ƙarfin da a da sai attajiran Turai da gwanayen tsere ke taɓawa, yau yana ƙarƙashin ƙafar yaron da bai fi wata shida da karɓar lasisi ba.

ME YA SA SUKA YI ƘIBA?

Hujjar da dattawa suka fi ji da ita ita ce ta ƙarfe. Sukan ƙwanƙwasa jikin tsohuwar mota su ce a ji amo, sa'an nan su danna ƙofar sabuwa da yatsa su ce a ga yadda take lotsawa. Abin tambaya shi ne, in sabuwar gwangwani ce, ina ta samo wannan nauyi? Amsa ita ce ƙarfen yana nan, wuri kawai aka sake masa. An ɗauke shi daga fatar mota an mayar da shi ƙashinta, watau kejin da ya kewaye mutanen da ke ciki. Gaba da baya kuwa da gangan aka yi su don su murƙushe, su shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga direba. Wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya ƙago wannan dabara, aka fara sa ta a motocinsu a 1959. A wannan shekarar ce kuma Nils Bohlin na Volvo ya fito da bel ɗin da ke kama kafaɗa da ƙugu gaba ɗaya, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta.

An gwada maganar ƙarfen nan a aikace. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta ɗauko Chevrolet Bel Air ta 1959, wata tirƙeƙiyar mota mai kama da jirgin ruwa, ta haɗa ta karo gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009, kowacce tana gudun kilomita 64 a awa, da mutum-mutumi a mazaunin direba. Tsohuwar ta ruguje har cikin ɗaki, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin, rufi ya lanƙwashe. Sabuwar kuwa hancinta ya tafi baki ɗaya, amma ɗakin direba yana nan daram, abin da aka auna bai wuce rauni a ƙafa ba. Motar da ba ta lotsewa, jikin mutum ne ke lotsewa a madadinta. Duk wanda ya san hanyar Badun tun da aka buɗe babban titin a 1978 ya ga abin da ake fitarwa daga cikin motocin wancan zamani in tsautsayi ya faɗa.

Ba keji kaɗai ba. A 1978 Mercedes da kamfanin Bosch suka kawo birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa ta ja ƙasa, don direba ya iya karkata sitiyari yana kan birki. A 1981 Mercedes ta sa jakar iska a motocinta, wadda ke fashewa daga cikin sitiyari ta tare ƙirji da fuska. A 1995 aka zo da wata na'ura mai lura da mota in za ta juya a kwana, ta taka wa taya ɗaya birki da kanta ta miƙar da ita; tun 2014 ba a sayar da sabuwar mota a Tarayyar Turai sai da ita. Kowane ɗayan waɗannan da nauyinsa, ga iyakwandishan, ga tagogi masu lantarki, ga abin hana ƙara.

Tsofaffin motocin gudu galibi ba su da waɗannan kayan kariya, kuma ba su yafe kuskure. Porsche 911 Turbo ta 1975 ta yi ƙaurin suna har Turawa suka yi mata laƙabin da ma'anarsa ita ce mai sa mata takaba. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa ta riƙa cusa wa inji iska. A wancan zamani in direba ya taka totur sai motar ta yi kamar ba ta ji ba, can bayan ɗan lokaci ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar shurin doki. In hakan ta same shi a tsakiyar kwana, ya tsorata ya ɗage ƙafa, nauyin injin da ke baya sai ya wulwulo da ita, ƙeya ta koma gaba. Masu sha'awarsu kan ce wannan shi ne daɗin abin, domin mota ce da ke neman gwani. Gaskiya ne, sai dai da yawa ba su rayu sun zama gwanayen ba.

KYAN GANI

Ta wajen siffa kuwa, dattawa suna da abin faɗa. A da mai zane ne da fensirinsa ke yanke hukunci. Shi ya sa daga nesa yaro yake bambance Jaguar mai dogon hanci da Datsun 240Z, ko Fijo 504 wadda gidan zane na Pininfarina a Italiya ya fitar da surarta. Yau alƙalai biyu ne ke zaune a kan mai zane, iska da doka. Ana sa mota cikin wani dogon ɗaki a hura mata iska mai ƙarfi, a goge duk wani kusurwa da ke tare iskar, tun da kuwa iska ɗaya ce a ko'ina, amsar da kowane kamfani ke samu kusan ɗaya ce. Doka kuma ta ce a tausasa hancin mota saboda mai tafiya a ƙasa. Fitilun nan masu buɗewa kamar ido, waɗanda yara ke so, sun ɓace tun 2004. Ginshiƙan da ke riƙe da rufi sun yi kauri don kada ya danne mutane in mota ta kife, amma kaurin nan yana ɓoye wa direba ɗan acaɓa sukutum a mararraba. Tagar baya ta ƙanƙance har Amurka ta wajabta kyamarar baya tun 2018.

Kada dai a ɗauka duk tsohuwa mai sauƙin sha'ani ce. Lamborghini Countach ta 1974 tsayinta daga ƙasa zuwa rufi mita ɗaya ne da ɗan ɗori. Ba a ganin komai ta baya, har masu ita suka koyi ɗaga ƙofa su zauna a bakinta suna waige in za su yi ribas. Kulocinta sai ƙato, cikinta kuma zafi kamar tanderu. Mota irin wannan ba za ta yi awa ɗaya a cunkoson Oshodi ba sai ta tafasa, ita da mai ita. Sabuwar 911 kuwa tana iya wuni a cunkoso da sanyinta, ta juya giya da kanta, gobe ta shiga filin tsere. Giyar hannu ma tana ƙarewa: Ferrari ta daina tun wajen 2012, Golf GTI ta bi sahu a 2024. Abu ɗaya da aka yi wa sababbin ca a kansa shi ne mayar da kowane maɓalli cikin allon gilashi, har sai direba ya ɗauke ido daga hanya kafin ya rage sanyi. Hukumar gwajin haɗari ta Turai ta sanar a 2024 cewa motar da ba ta da maɓallan hannu na sigina da ham da abin share gilashi za ta rasa maki daga 2026.

RANAR DA FIJO TA KADA PORSCHE

Inda tsohuwa ke da bakin magana sosai shi ne hanya maras kyau da gyara, kuma a nan nahiyar aka yi gwajin. Tun 1953 ake tseren Safari a Afirka ta Gabas, galibi lokacin Ista da damina ta kankama a can. A shekarun 1970 tafiya ce ta kimanin kilomita 5,000, dare da rana, cikin taɓo da ƙura da duwatsu da rafukan da suka cika, a kan hanyar da manyan motoci da shanu ke bi. A irin wannan tsere gudu kaɗai ba ya ba mutum kofi. Sai motar da za ta daki dutse ta ci gaba, wadda in ta karye direba da abokin tafiyarsa za su ɗaure ta da abin da ke cikin but. A 1965 Joginder Singh, ɗan ƙasar Kenya, shi da ɗan'uwansa suka ci tseren da tsohuwar Volvo da aka riga aka yi tsere da ita, wadda suka gyara da hannunsu. Peugeot 404 ta ci sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Datsun 240Z ta ci a 1971 da 1973.

Sai ga 504. A 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a Kakuri ta Kaduna, Ove Andersson na Suwidin ya ci Safari da ita, ta kuma ci tseren Maroko da na Bandama a Kwaddebuwa duk a shekara ɗaya. Bandama ɗin nan ba wasa ba ne, domin a 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshensa. A 1978 kamfanin Porsche ya zo Kenya da 911 da ya shirya musamman, da injiniyoyi da kayan gyara. Da aka tashi, Jean-Pierre Nicolas na Faransa ne ya zo na ɗaya da 504 mai ƙofa biyu da silinda shida, Porsche ta ƙare a ta biyu da ta huɗu. Ba a ce waɗannan motocin tsere daidai suke da tasin da ke lodi a tashar Kawo ba. An ƙarfafa musu ƙasa, an ƙara musu doki. Amma ƙashin bayan ɗaya ne: ƙafa mai tsawon lilo, ciki a ɗage daga ƙasa, inji a gaba yana tura tayoyin baya. Abin da ya ci kofi a Kenya shi ne ya riƙa kai fasinja bakwai da buhunan tsaraba daga Ikko zuwa Sakkwato, kuma shi ya sa aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina a 1983.

Sirrin gyaranta kuwa shi ne duk abin da ke cikinta ido yana gani, hannu yana kaiwa. Inji na wancan zamani abu uku yake nema, mai da iska da wuta. In ya ƙi tashi a Mokwa ko Tegina, bakanike zai buɗe bonet, ya cire filogi ya duba wuta, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya kwance kafireta ya busa da baki, ya mayar. In fambel ya tsinke akwai dabara, in lagireto ya huda akwai dabara. Da sifana da filaya da sukundireba an gama. Kayan gyara kuwa daga Ladipo har Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano babu inda za a rasa. Sai dai a faɗi gaskiya, tana da sauƙin gyara ne, tana kuma yawan neman gyaran. E-Type kafireta uku gare ta, Countach shida, kuma daidaita su sana'a ce mai zaman kanta.

Sabuwa ta juya lamarin. Tana iya yin shekaru ba ta ce uffan ba, ta tashi da bugu ɗaya da sanyin hunturu, ga shi duk da ninka ƙarfi Golf GTI ta yanzu ba ta fi kakarta shan mai ba, abin da ba ƙarami ba ne tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Amma ranar da ta tsaya, ta tsaya ke nan. Kafireta ta tafi, injekta ta maye gurbinta, kwamfuta ce ke auna kowane ɗigon mai bisa abin da na'urori da dama ke gaya mata. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike, motar ta faɗi ciwonta da lamba. Inda akwai na'urar da wanda ya iya karanta ta, aikin minti goma ne. Inda babu, sai cacar canje-canje da kuɗin mai mota, ko kuwa a nemi janwe. Wasu motocin BMW ba su da ko sandar duba baƙin mai. Wanda ya buɗe bayan sabuwar 911 kuwa, fanka biyu zai gani da bakin zuba mai, injin kansa yana can a ɓoye.

Sauran matsalolin a ƙasa suke. Motar gudu ta yanzu cikinta bai fi tsawon tafin hannu daga kwalta ba, kowane tudun rage gudu na ƙauyukan hanya sai ta hau shi a karkace. 911 ta farko tana tafiya ne a kan siririyar taya mai kaurin gefe, wadda ke shanye rami; ta yanzu ƙafafunta kan kai inci 20 da 21, robar gefe siririya kamar zoben hannu. Rami ɗaya a hanyar Jebba ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim, yawancinsu kuma ba su zuwa da safaya, mai faci na bakin hanya ba shi da girmanta. Injinta an gina shi ne don fetur mai lamba 95 ko 98 da ake zaɓa a Turai, alhali a nan kala ɗaya ne a famfo. Ba a manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da yawa. Ruwan sama na Lekki kuwa, tsohuwa in ta sha a busar da kwantak a ci gaba. Sabuwa in ruwa ya kai ga kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujera, mai ita ya shiga uku.

Su kansu kamfanonin sun gane. Porsche ta fito da Cayenne mai tsayi a 2002, ba da daɗewa ba ta fi 911 kasuwa. Lamborghini ta biyo da Urus a 2018, Ferrari ma da ta daɗe tana ƙi ta sallama a 2022. Har ma Porsche ta ɗaga wa 911 ƙafa ta ƙera guda 2,500 da suna Dakar, don tunawa da nasarar da ta yi a 1984 a tseren Faris zuwa Dakar, wanda a shekarun nan yakan ratsa Agadas a ƙasar Nijar. Tsofaffin na ainihi kuwa sun zama kadarar attajirai, ba na hawa ba. A 2022 an sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135.

RABIN MOTA

Yanzu sai a koma kan maganar Camry. A takarda sabuwa ta fi gudu, ta fi tsimin mai, ta fi kare rai, kuma wannan na ƙarshe shi kaɗai ya isa ya ba ta gaskiya a gardamar majalisa. Sai dai motar da ke isa hannun mai saye a Berger ko ta hanyar Kwatano sau da yawa ba ita ce ta takarda ba. Da dama daga cikinsu a gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su a Amurka. Mai gyaran jiki zai miƙe ƙashin da ya riga ya murƙushe sau ɗaya, a shafe da fenti. Jakar iskar da ta fashe tsada gare ta, sai a liƙe murfin a bar ramin fanko. Birkin ABS in ya lalace, a maimakon gyara sai a cire ƙwan da ke nuna alamarsa a allon gaban direba. Tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, a fasa a sayar. A ƙarshe a ɗora motar a kan tayoyin gwanjo, wasu ma na ƙasar ƙanƙara ne. Abin da ba a taɓawa shi ne dokin. Duka 268 ɗin suna nan lafiya lau. Mai irin wannan mota ya haɗa ƙarfin Ferrari da kariyar Bel Air, kuma ba shi da labari, domin cikinta shiru ne da sanyi, gudun 160 yana jin sa kamar 80 na tsohuwar Fijo mai girgiza da kuka.

Lissafin kuwa ba ya sauyawa don mota ta sabunta. A gudun kilomita 100 mota tana cin mita 28 kowace daƙiƙa, a 160 tana cin 44. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo da nisan birki ninkawa huɗu suke yi. Dokar ƙasa ta tsaida ƙaramar mota a 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, Hukumar Kiyaye Haɗura kuma, wadda aka kafa a 1988, tun 2003 take kama wanda bai ɗaura bel ba. Wanda ya soke bel ɗin ta bayan kujera don ƙararrawa ta yi shiru, ya sani jakar iska an yi ta ne don mutumin da ke ɗaure. Wanda ba ya ɗaure ba, ita kanta tana iya ji masa ciwo.

Mai shirin saye kafin Salla yana da abubuwan da zai iya dubawa da kansa. Ya murɗa makulli ba tare da ya tada inji ba: fitilar ABS da ta jakar iska da ta inji tilas su kama, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta cikin but ya nemi tsatsa ko busasshen laka ko warin ruwa. Ya biya mai na'urar bincike na kansa, ba na dillali ba, ya kuma bincika lambar jikin motar mai harafi da lamba 17 ta intanet, domin motocin Amurka tarihin haɗarinsu yakan fito. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Daga nan sai ya tambayi kansa ko a garinsu akwai wanda ya taɓa buɗe irinta, in kuwa babu, gari mafi kusa da ke da shi kilomita nawa ne.